Sawun da Rana ta Fito da Shi

Ranar jarrabawar Kemistiri muna zaune a babban ɗaki, kowa da fensirinsa, jami'in hukumar jarrabawa ya ɗaga ƙunshin tambayoyi sama don mu shaida ba a buɗe shi ba. Sai hannunsa ya tsaya. Ya juya ƙunshin, ya sa farce a gefensa. An tsaga ledar da reza, an mayar an liƙe da salatif.

Bai hana mu rubutawa ba. Sai da muka ajiye fensir ya ce hukuma za ta riƙe sakamakon makarantarmu har a gano wanda ya yi. Wanda aka kama kuma, shi da jarrabawar hukuma sai bayan shekaru.

Ban juya ba, amma na ji idanu a ƙeyata.

Babbar jami'ar da nake nema ba ta sauraron labarin kowa, makin wannan jarrabawa take dubawa. Dubbai ke nema, 'yan kaɗan take ɗauka, kuma ƙarshen wata take rufe karɓar takardu. Tun ina aji ɗaya na sa ta a gaba. Ban taɓa ɓoyewa ba, shi ya sa 'yan ajinmu suka sa mini suna Farfesa. Ba don yabo suka sa ba, amma na amsa, na riƙe.

Takardun sun kwana biyu a ƙuryar ɗakin gwaji, inda ake ajiye sinadarai, don ita kaɗai ce mai ƙofar ƙarfe a makarantar. Makullinta na hannun Mataimakin shugaba, kuma hatimin da hukuma ta manna a bakin ƙofar bai motsa ba. Sai dai tsakanin ƙuryar da ɗakin gwajin akwai wata 'yar taga ta katako da ake miƙo kwalabe ta cikinta. Siririn mutum zai iya kutsawa. Makullin ɗakin gwajin kuwa mutum uku ke da shi: Malamin Kemistiri, da dattijon da ke kula da kayan, wanda muke kira Baba Sito, da ni, shugabar ɗakin a cikin ɗalibai. Malam da Baba Sito ko kafaɗarsu ba za ta shiga tagar ba.

Ni kuwa siririya ce.

*

Bayan an gama duba takardu, hukuma ta turo mai bincike, wani mutum mai furfura a gemu, mai magana a hankali kamar yana tsoron ta ƙare. Ya sa aka kira ni ofis.

"Kin san abin da kika ci?"

"Abin da na rubuta, ranka ya daɗe."

"Casa'in da takwas cikin ɗari."

"To ina biyun suka tafi?"

Ya ɗago ya dube ni. Mataimaki, da ke gefe, ya yi tsaki.

"Ka ji irinta ko? Haka take."

Mai binciken bai kula shi ba. Ya ce, "Makarantar nan ba a taɓa wuce tamanin da biyar ba. Na biyunki, ɗan Mataimaki, tamanin da huɗu. Ta uku tamanin da biyu. Ke kuma ga makulli a jakarki. Ki sa kanki a matsayina."

"In da ni ce kai, da na ba ni wasu tambayoyin yanzu, na tsaya a kaina har in gama."

"Wanda ya iya ma yana sata, 'yata. Tsoro ke sa wa, ba rashin sani ba." Ya miƙo hannu. "Makullin."

Na ajiye masa a kan tebur, ban sa a tafinsa ba. Ya ce zai dawo kafin ƙarshen wata ya rufe bincike. In ba a sami kowa ba, sunan da ya fi kusa da tagar shi zai rubuta.

*

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mai shagon bakin layinmu, wadda kullum take tsokanata da "Likita, yaushe za ki duba mini gwiwa," ta miƙo mini sabulu tana kallon bango. A makaranta in na zauna a benci sai ya yi faɗi. Wasu sun yi imani ni ce. Wasu ba su damu da ko ni ce ba, su dai a sami wani a saki sakamakonsu.

Kawu ya zo gida ya zauna a kujerar marigayi Babanmu.

"Ki je ki ba su haƙuri kawai. Yaro yana kuskure. In kin sunkuyar da kai za su sassauta."

"Haƙurin me, Kawu?"

"Kin ji ta ko, Yaya? Wannan wuyan nata da ba ya lanƙwasa shi zai kai ta ƙasa."

Mama tana guge farin kayanta na asibiti, ba ta ɗago ba. Sai da ya tafi ta ce, "Ke kika yi?"

"A'a, Mama."

"To ki ci abinci." Ba ta sake tambayata ba. Amma ina jinta da asuba tana tsayawa a bakin ƙofata kafin ta fita aiki, ta daɗe, sannan ta wuce.

Mutum ɗaya ce ba ta guje ni ba a makaranta, abokiyar aikina a ɗakin gwaji. 'Yar Tsana muke ce mata, saboda ƙanƙantarta da tsabtarta. Gidansu duk likitoci ne, uba da yayye biyu, duk daga jami'ar da nake nema suka fito. Tun aji huɗu aka haɗa mu a tebur ɗaya, muka raba aiki: ni in zuba, in gauraya, in auna, ita ta rubuta da kyakkyawan rubutunta. Yatsuna kullum da tabo, nata kamar na jariri. Ita ce ta ukun da ta ci tamanin da biyu, kuma da na ji, har cikin raina na ce aikina ne, ni na koya mata.

Takan kawo mini biskit ta ce, "Farfesa, ki daina damuwa. Ba su da hujja. Za su gaji su saki."

"In ba su gaji ba fa kafin a rufe?"

"Ke ai ko baɗi kika rubuta za ki ci."

*

Da na ga babu mai nema mini gaskiya, na shiga nema da kaina.

Na fara da Baba Sito. Wata 'yar aji biyar ta ce ta gan shi ranar jajiberin jarrabawa ya fita da wuri, da wani abu a buhu. Na same shi yana wanke kwalabe a bokiti.

"Baba, me ka fita da shi a buhu ran nan?"

"Au, yau kuma ni ne ɓarawon? Sannu, 'yar sanda." Ya yarfe hannu. "Tulun tataccen ruwa na kai asibiti a cika mana. Famfunan ɗakin nan yaushe rabonsu da ruwa? Ki tambayi uwarki, ita ta sa mini hannu."

Na tambayi Mama. Haka ne.

Sai Dogo, ɗan Mataimaki. An gan shi da tarin makullan ubansa a yammacin ranar. Na tare shi a bakin fili.

"Me ka buɗe da makullan Babanka?"

"Ɗakin ƙwallo." Ya yi dariya. "Ki dube ni da kyau, Farfesa. Ta tagar nan ko ƙafata ɗaya ba ta wucewa. Kuma da na saci amsa, kya ba ni ratar maki goma sha huɗu? Ai da na ji kunya."

Ban so gaskiyarsa ba, amma gaskiya ce. Da zan tafi ya ce, ba dariya, "Ni ban ce ke ce ba. Ban dai ce ba ke ba ce." Ya buga ƙwallonsa ya bi ta.

Mako ya wuce ban sami komai ba. Na cike duk abin da jami'a ke nema, gurbin maki kaɗai ya rage fari.

*

Tunda aka hana ni shiga ɗakin gwaji, sai na koma cin abincin rana a barandar bayansa. Ba mai bi ta nan. Siminti ne fari, rana na dukansa tun hantsi, a ƙarshensa akwai famfon da masu shara ke ɗiban ruwa. Na zaɓe ta don kada kowa ya ga ina ci ni kaɗai.

Ina zaune ina kallon ƙasa, na lura da wani tabo baƙi-baƙi a bakin ƙofar baya. Na ɗauka laka ce. Na goga da takalmina, bai goge ba. Na zuba ruwan gorata na murza, yana nan. Na durƙusa.

Sawun takalmi ne. Ƙarami, na ƙafar dama, da zanen igiya-igiya irin na ƙasan kambas. Gaba kaɗan ga wani, ya fi shi haske. Ga wani. Babu na hagu ko ɗaya. Duk ƙafar tana karkata ciki. Na bi su a duƙe, suna dusashewa, har gindin famfo. A nan, gefen magudana, akwai sawun ƙafa ba takalmi, yatsu biyar ƙanana, babban ya fi sauran baƙi.

Na dubi yatsun hannuna. Launi ɗaya ne.

Akwai wani sinadari da muke kira ruwan azurfa. Fari ne tas kamar ruwan sha. In ya taɓa fata ko tufa ko ƙasa ba ka ganin komai, sai haske ya buge shi ya koma baƙi, kuma sabulu ba ya fitar da shi. Shi ya sa ake ajiye shi a kwalba mai duhu. Ni na haɗa kwalba guda don gwajin ƙarshe, kuma na tuna inda na bar ta: a kan dakalin 'yar tagar nan.

Wani ya kutsa ta tagar, ya ture kwalbar, ya taka abin da ya zube. Ya ga ruwa ne kawai, ya goge. Ya fito ya wanke ƙafa. Rana ta yi sauran aikin a hankali, ba wanda ya kula.

Na sa ƙafata kusa da sawun. Tun ina ƙarama ake mini dariyar manyan ƙafafu. Ranar na gode wa Allah da su.

*

Na sami Malamin Kemistiri a ofis. Tun da abin ya faru yake kauce wa idona.

"Malam, ba shiga zan yi ba. Kwalbar ruwan azurfa nake so ka ɗauko, ka zuba kaɗan a gilashi."

"Ke dai ba kya gajiya."

"Ban ga ranar gajiya ba tukuna."

Ya ɗauko. Kwalbar cike take har wuya, alhali rabi na bari. Ya tsiyaya. Abin da ya fito fari ne dusu-dusu, kamar an ɗiga madara a ruwa.

Malam ya daɗe yana kallon gilashin. "Ruwan famfo aka ƙara."

"Kai za ka yi haka, Malam?"

"Ko a mafarki."

"Baba Sito fa? Ni fa?"

Duk wanda ya taɓa riƙe kwalbar nan da hannunsa ya san ruwan famfo yana sa ta yin fari nan take, tataccen ruwa ake sa mata. Wanda ya cika ta ya san inda komai yake a ɗakin, amma bai taɓa zuba komai ba.

Ban so tunanin da ya zo mini ba. Na kore shi, ya dawo. A yammacin jajiberin, da aka kira mu ofis karɓar katin shiga jarrabawa, layi ya yi tsawo, wata ta ce in kawo jakata ta riƙe mini, ita ta riga ta karɓi nata.

Washegari 'Yar Tsana ta zo da biskit. Na dubi ƙafarta. Baƙin takalmi sabo, da safa, cikin wannan zafi. Ƙafar dama tana karkata ciki. Shekara uku muna tafiya tare, ban taɓa kallon tafiyarta ba.

"Ina fararen kambas ɗinki?"

"Sun yage. Na ba da su."

"Ba abin da kike son faɗa mini?"

Ta gyara zaman gilashin idonta. "Kamar me?"

"Gobe mai bincike zai dawo."

"Na sani. Zan zo in tsaya miki." Ta tura mini biskit ɗin. "Ci mana."

Na ci. Har yau ban san dalili ba.

*

Mai binciken ya tara mu a ɗakin gwaji: Mataimaki, Malam, Baba Sito, Dogo, ni da Mama, wadda ta taho daga aiki da farin kayanta. 'Yar Tsana ta zo kamar yadda ta ce, ta tsaya a gefena.

Ya buɗe baki zai fara, na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka rubuta sunana, ka zo ka ga wani abu."

"Wa ya ba ki izinin magana?" in ji Mataimaki.

"Bar ta," in ji mai binciken.

Na kai su baranda. Na nuna sawun tun daga ƙofa har famfo. Malam ya zuba ruwan kwalbar a gilashi ya yi bayani da bakinsa, don na san nawa ba zai shiga kunnen kowa ba. Sannan na cire takalmina na taka kusa da sawun da ke gindin famfo. Ƙafata ta fi shi da kusan rabi. Dogo ya kasa riƙe dariya, ubansa ya harare shi.

"Wannan ya nuna ba ke kika taka ba," in ji mai binciken. "Bai nuna wanda ya taka ba. Ƙananan ƙafafu sun yi yawa a makarantar nan."

"A fata tabon yana gogewa cikin makonni," na ce. "A farce ba ya fita, sai farcen ya tsiro ya ture shi. Kuma kambas yana shan ruwa."

"To wa kike zargi?"

Na yi ta shirya wannan amsa, amma da lokacin ya zo sai na juya kawai na dubi 'Yar Tsana.

"Cire safarki."

"Farfesa..."

"Ta dama."

Ta dubi Mama, kamar Mama ce za ta cece ta. Mama ta ce a hankali, da muryar da take wa marasa lafiya, "Cire, 'yata."

Ta zauna a bakin barandar ta cire. Farcen babban yatsan baƙi ne wuluk, sai wani siririn fari da ya fara tsirowa daga ƙasa.

"Dutse na buga," ta ce.

Mama ta durƙusa ta kama ƙafar ta duba. "Jinin da ya kwanta a ƙarƙashin farce yake. Wannan a sama yake."

Da 'Yar Tsana ta sake magana, da ni take, ba da su ba.

"Tamanin jami'ar ke nema. Ban taɓa wuce sittin da biyar ba, kin sani. A gidanmu ba a tambaya ko za ka shiga, sai dai wace shekara." Ta share ido da bayan hannu. "Hoto kawai na ɗauka na mayar. Na ce ba wanda zai gani. Da suka kama ki na ce ai ke ce, ba abin da zai same ki. Ke komai kina iyawa."

"Sunana zai rubuta yau."

"Da na faɗa."

"Yaushe?"

Mai binciken ya ciro makullin ɗakin gwajin daga aljihu ya miƙo mini. Wannan karon na karɓa daga tafinsa.

*

An saki sakamako ana saura kaɗan a rufe. Na cike gurbin da ya rage na tura. Mataimaki bai ba ni haƙuri ba, ban kuma jira ba. 'Yan ajinmu suka dawo gaishe ni, benci ya koma daidai, mai shago ta tuna da gwiwarta. Kawu ya ce shi dama ya san ba zan yi ba. Na amsa wa kowa, amma na ci gaba da cin abincina a baranda har muka gama. Baba Sito ya gwada goge sawun da burushi ya gaji ya bari.

Ranar da jami'a ta aiko cewa ta ɗauke ni, Mama tana wurin aiki. Na karanta saƙon sau biyu a tsaye a tsakar ɗaki. Kafin in ankara yatsana ya kai kan lambar 'Yar Tsana, don ita na saba fara gaya wa komai. Na kifa wayar, na zauna na jira Mama.

A makon farko a jami'a aka raba mu bibbiyu a ɗakin gwaji. Aka haɗa ni da wata mai sanyin murya, ta dubi kwalaben ta dubi yatsuna.

"Da alama kin saba," ta ce. "Ke ki zuba, ni in rubuta."

Na ɗauki kwalbar mai duhu na sa mata a hannu, na jawo littafin gabana.

"Zuba," na ce. "Zai ɓata miki yatsu, amma zuba."